TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI LIKITA NIELS BRONNUM NA NUMAN (1882-1966)

Gabatarwa

 

Al'ada ce idan sarauta ta cika shekara 100 a waiwayi baya, a lissafa sarakunan da suka gabata, a kuma tuna da mutanen da suka yi wa ƙasa hidima a ƙarƙashin inuwarsu. Cikin irin waɗannan mutane akwai 'yan ƙasa haifaffu, akwai kuma baƙin da suka zo daga nesa aka ba su masauki, suka zauna har suka bar abin da jikoki ke cin moriyarsa. A wannan yanki namu na bakin Binuwai da Gongola, da wuya a sami baƙon da sunansa ya daɗe a bakin jama'a kamar Likita Niels Bronnum, mutumin ƙasar Danmak, wanda ya sauka Numan a shekarar 1913. Saboda haka aka ga ya dace a ware masa 'yan shafuka a cikin wannan kundi, domin matasan da ke jin sunan a jikin makaranta su san mai sunan, manya kuma su tuna abin da iyayensu suka gaya musu.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Niels Hoegh Bronnum a ƙasar Danmak a shekarar 1882. Danmak 'yar ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, tana maƙwabtaka da Jamus, teku kuma ya kusan kewaye ta. Yawancin mutanenta Kirista ne mabiya tafarkin Lutharan, wato koyarwar Martin Luther, malamin nan na Jamus wanda ya fara kiran gyara a cikin ekklesiyar Turai a shekarar 1517. Wani babban abin da wannan tafarki ya dage a kai shi ne kowane mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, cikin harshen da ya sha a nono. Wannan ne ya sa duk inda mabiyansa suka je, makaranta takan biyo bayansu. Mai karatu zai ga yadda wannan aƙida ta yi tasiri a aikin Bronnum a ƙasarmu.

Bronnum ya taso a zamanin da farkawar addini ta game ƙauyuka da biranen Danmak, inda talakawa, manoma da masunta da 'yan ƙwadago, kan haɗu a gidaje su yi addu'a, su kuma tara 'yan kuɗi don aika ma'aikata zuwa ƙasashe masu nisa. Ya nemi ilmi har ya zama likita, ya kuma ƙudura a ransa cewa zai yi amfani da wannan sana'a a inda babu likitoci. Ya auri wata baiwar Allah 'yar ƙasar Sikotland mai suna Margaret Young, wadda ita ma ke da irin wannan niyya.

Yadda Ƙungiyar ta Kafu

A wancan zamani Turawa na kiran dukkan faɗin ƙasar da ke kudu da hamadar Sahara da sunan Sudan, tun daga kogin Sanagal har zuwa kogin Nilu. Ƙasar Hausa da Barno da Adamawa duk suna ciki. Wani Bajamushe mai suna Karl Kumm ya kafa ƙungiyar Sudan United Mission a Birtaniya a shekarar 1904, a wannan shekara kuma ayarinta na farko ya sauka a Wase. Tsarin ƙungiyar shi ne kowace ƙasa da ke son shiga ta kafa reshenta, a ba ta yankin da za ta yi aiki, ta nemi kuɗinta da ma'aikatanta.

A shekarar 1910 aka yi wani babban taron mishan na duniya a birnin Edinbara, inda aka yi ta bayani a kan yankunan Afirka da ba a kai gare su ba. Labarin ya isa Danmak, ya shiga zuciyar wani fasto na birnin Alborg mai suna Anton Pedersen. Shi ne ya tara abokansa suka kafa reshen Danmak na ƙungiyar a watan Nuwamba na shekarar 1911. Sai aikin ya rabu gida biyu tsakanin mutanen nan biyu: Pedersen ya tsaya a gida yana bin majami'u yana neman gudummawa, Bronnum kuwa ya ɗauki nauyin tafiya. Ƙungiyar ba ta da wani attajiri a bayanta, da taro da sisin talakawa aka biya kuɗin jirgi aka sayi akwatin magani. Har yau tana nan a Danmak, ana kiranta Mission Afrika.

Tafiya da Babban Rashi a Hanya

A farkon shekarar 1913 mutum uku suka tashi zuwa Nijeriya: Likita Bronnum, da matarsa Margaret, da wata ma'aikaciyar jinya mai suna Dagmar Rose. Ya kamata mu tuna yadda tafiya take a lokacin. Babu jirgin sama, babu titin mota zuwa gabas. Jirgin ƙasa bai daɗe da isa Kano ba, kuma bai ko nufi Adamawa ba. Hanya ɗaya ce, ita ce ta ruwa: a bi Kwara zuwa Lokoja, inda ta haɗu da Binuwai, sa'an nan a juya gabas a yi ta hawan ruwa. Manyan jiragen ruwa masu hayaƙi ba sa iya kaiwa Yola sai a 'yan watannin da kogi ya cika, wajen ƙarshen damina. In ruwa ya janye, sai kwalekwale, ana tura shi da gora daga wannan yashi zuwa wancan.

Ayarin ya fara yada zango a Rumasha, wata tashar mishan a bakin Binuwai, a ƙasar da yau take cikin Jihar Nasarawa, domin su koyi Hausa su kuma saba da yanayi kafin ruwa ya kawo. A nan ne ƙaddara ta faɗa musu. Margaret ta haifi ɗa namiji, ba da jimawa ba kuma Allah ya yi mata cikawa, aka binne ta a can. Ga jariri ba uwa, ga damina ta kama, ga sauro, ga babu madarar da za ta riƙe shi. Sai aka yanke shawara Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai. Cikin 'yan watanni ke nan ayarin mutum uku ya koma mutum ɗaya.

Da a ce Bronnum ya bi ɗansa ya koma gida, babu mai ganin laifinsa. Saurayi ne ɗan shekara 31, ya binne matarsa a baƙuwar ƙasa, ya rabu da ɗansa tun cibiya ba ta gama warkewa ba. Amma ya tsaya a kan alkawarin da ya yi wa waɗanda suka aiko shi. Da kogi ya cika, ya shiga jirgi ya nufi gabas. Ya nemi izinin Razdan a Yola, kamar yadda doka ta tanada, ya kuma sauka Numan ranar 5 ga Oktoba, 1913. Wannan rana ita ce Ekklesiyar Lutharan ta Nijeriya ke ƙirgawa a matsayin ranar kafuwarta.

Numan a Shekarar 1913

Numan tana zaune ne a inda kogin Gongola ya zubo cikin Binuwai, saboda haka tun can mahaɗa ce ta fatake da masunta da manoma da makiyaya. Ƙasar Bachama ce, waɗanda tare da 'yan'uwansu Bata ake kira Bwatiye. Tsohuwar fadar Hama Bachama tana Lamurde, ta Hama Bata tana Demsa, ga kuma Mbula da Lunguda da Kanakuru da sauran ƙabilu kewaye. Akwai Hausawa 'yan kasuwa da suka zauna a bakin ruwa, akwai Fulani da shanunsu a fadama, Turawan ciniki kuma sun riga sun kafa kanti. Bachama jarumai ne da suka riƙe 'yancinsu a zamanin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, suna da sarautarsu mai tsari da addininsu na gargajiya, wanda babbar cibiyarsa ke Farai.

Turawan Ingila sun ci Yola a shekarar 1901. Manufarsu a lokacin ita ce hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda alkawarin da suka yi na cewa ba za su taɓa addini ba, amma sukan bar su su zauna cikin ƙabilun da ke bin gargajiya. Wannan ne dalilin da ya sa aikin Bronnum ya kafu a Numan, bai kafu a Yola ba. Duk da haka, takardar Razdan ba ta isa ta zaunar da baƙo a gari. Ba a kafa bukka a ƙasar sarki sai da yardar sarki da dattawansa, ba a kuma samun mai yanko ciyawar jinka ko mai ɗebo ruwa sai jama'a sun amince. Saboda haka duk wanda zai yaba wa Bronnum, wajibi ne ya fara yaba wa sarakuna da dattawan da suka ba shi wuri, alhali ba su san danginsa ba, ba su kuma san abin da zamansa zai haifar ba.

Shekarun kuma ba masu sauƙi ba ne. Daminar 1913 ta gaza a faɗin arewa, har aka shiga yunwar nan da Kanawa ke kira Kakalaba, wadda ta game tun daga ƙasar Hausa har Damagaram da Azbin, ta kuma kai cikin 1914. A shekarar 1914 aka haɗe kudu da arewa aka yi Nijeriya ɗaya. A wannan shekara kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya iso har bakin ƙofa, domin Kamaru a hannun Jamus take, an kuma gwabza a Garwa, wadda ke kan wannan kogi na Binuwai, har ta faɗi a 1915. Yaƙi na ƙarewa sai annobar mura ta 1918, wadda Hausawa suka sa wa suna marisuwa, ta bi hanyoyin jirgi da na fatake ta hallaka jama'a masu yawa. A cikin irin wannan zamani ne ƙaramar tashar Numan ta kafa ƙafarta.

Aikin Magani

Abin da Bronnum ya fara da shi shi ne abin da ya iya, wato magani. Kafin bakinsa ya kama harshen gari, hannunsa ya riga ya fara aiki. Cututtukan da suka addabi mutanen bakin kogi a lokacin sanannu ne: zazzaɓin cizon sauro, da atuni, da agana, da kurkunu, da kuturta, da ciwon ido, da gyambon da kan ci ƙafa shekara da shekaru, ga saran maciji, ga wahalar haihuwa. Kayan aikin likita kuwa kaɗan ne. Ba a riga an gano allurar fenisilin ba, maganin kuturta mai inganci kuma bai samu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ke hannu shi ne kwinin, da ruwan wanke ciwo, da tsabtataccen ƙyalle, da wuƙar fiɗa, da haƙuri.

Amma ko wannan kaɗan ɗin ya isa ya canza ra'ayin mutane. Wanda gyambonsa ya warke bayan an yi makonni ana wankewa ana ɗaurewa, in ya koma ƙauyensu ba ya bukatar mai yi masa shela, ƙafarsa ce shaida. Haka labari ya riƙa tafiya daga ƙauye zuwa ƙauye, masu jinya suka riƙa zuwa a kwalekwale da a ƙafa. Ɗakin magani ba ya tambayar addini ko ƙabila. Mai bin gargajiya da Musulmi da wanda ya fara sauraron wa'azi duk layi ɗaya suke bi, kuma ciwo ne ke sa a gabatar da wani a kan wani. Wannan ɗabi'a ita ce ta buɗe wa mishan ƙofofin da wa'azi kaɗai ba zai buɗe ba.

Daga wannan ƙaramin mafari ne asibitin mishan na Numan ya tsiro, tare da ɗakunan shan magani a ƙauyuka, da wuraren kula da kutare, da horar da samari da 'yan mata aikin jinya da karɓar haihuwa. Biyu daga cikin cututtukan da likitocin farko suka yi fama da su yau sun zama tarihi: an tabbatar da ƙarewar agana a duniya a shekarar 1980, an kuma ba Nijeriya shaidar rabuwa da kurkunu a 2013, shekara 100 daidai da saukar Bronnum a Numan.

Harshe da Makaranta

Bronnum ya zo da Hausa a bakinsa, domin ita ce harshen kasuwa da hulɗa, amma bai tsaya a nan ba. Ya duƙufa koyon harshen Bachama daga bakin masu shi, yana saurare yana rubutawa, a lokacin da babu ƙamus babu littafin nahawu. Aikin ba ƙarami ba ne, domin sai mutum ya fara zaɓen haruffan da za su dace da sautukan harshen kafin ya rubuta kalma ɗaya. Cikin shekara biyu kacal, da taimakon 'yan ƙasar da suka zauna da shi, ya fassara Bisharar Markus zuwa harshen Bachama, aka buga ta a shekarar 1915. Tana cikin abubuwan farko da aka taɓa bugawa da wannan harshe.

Littafi kuwa ba ya amfani sai da mai karanta shi, don haka sai makaranta ta biyo baya. An fara ne da 'yan yara ƙalilan a gindin itace da cikin rumfa, ana koya musu haruffa da lissafi. Iyaye da yawa sun yi ɗari-ɗari da farko, domin yaro hannu ne a gona da kiwo da su, kuma ba wanda ya san inda wannan sabon karatu zai kai shi. Sannu a hankali aka kai ga buɗe makarantar kwana ta samari a Numan, daga baya ta 'yan mata, sa'an nan azuzuwan koyon karatu da addini a ƙauyuka, inda wanda ya ɗan yi nisa ke koya wa na baya. Da aikin ya faɗaɗa zuwa Shelleng da Lamurde da Guyuk da Pella da sauran wurare masu harsuna daban-daban, sai Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure su wuri ɗaya, musamman bayan an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932.

Waɗannan makarantu su ne suka fitar da malamai da akawuna da ma'aikatan jinya da ma'aikatan En'e na farko a wannan yanki. Daga cikinsu aka sami 'yan siyasar da suka yi magana da yawun jama'arsu gabanin samun mulkin kai, irin su Jonah Assadugu. Gidajen sarauta ma ba a bar su a baya ba, har ta kai an sami fasto, Rabaran Wilberforce Myahwhegi, ya hau gadon sarautar Hama Bachama.

Gaskiya ɗaya da bai kamata a ɓoye ba ita ce, haɗuwar sabon addini da tsohon ba ta rasa tsami ba. Bronnum ɗan zamaninsa ne, kuma kamar yawancin Turawan mishan na lokacin, ya dubi addinin gargajiya da ido mai tsanani. An sami gidajen da ɗa ya saɓa da uba, an sami dattawan da suka ga al'adar kakanni na neman kuɓucewa. Sai dai kuma shi ɗin ne ya zauna ya rubuta abubuwa da dama game da rayuwa da al'adun mutanen da ya tarar, cikin littattafan da ya wallafa da harshen Danmak, waɗanda masu binciken tarihin Bachama suka amfana da su daga baya.

Horar da 'Yan Ƙasa

Babban abin da ya sa aikin ya rayu bayan mai shi ya tafi shi ne an gina shi a kan 'yan ƙasa. Baturen mishan mutum ne mai zuwa ya koma, zazzaɓi kan kwantar da shi, yaƙi kan tare masa hanya, kuɗin gida kan yanke. Wanda ya binne matarsa tun kafin ya iso ya fi kowa sanin haka. Saboda haka tun da wuri aka riƙa zaɓen samari masu hankali ana koya musu karatu da wa'azi da ɗan aikin magani, ana tura su ƙauyuka a matsayin masu bishara. Mai bishara shi ne malamin makaranta da safe, manomi da rana, mai ja-gorar addu'a da yamma. Yawancin ƙauyukan da yau ke da majami'a, ɗan ƙasa ne ya fara kai musu saƙon, da ƙafarsa, da harshensu.

Wannan iri da aka shuka ya ɗauki lokaci kafin ya nuna. A shekarar 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa guda 5 na farko, cikinsu akwai Habila Aleyideino da Shall Holma. A 1955 ekklesiyoyin da suka fito daga rassan mishan ɗin suka haɗu suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wadda daga baya ta koma TEKAN. A 1956 ekklesiyar Numan ta tsaya da ƙafarta, da sunan Ekklesiyar Kristi a Sudan ta Lutharan. A 1959 aka buɗe kwalejin tauhidi ta haɗin gwiwa don horar da fastoci masu zurfin ilmi. A shekarar 1960 kuwa, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, aka zaɓi Akila Todi ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci ekklesiyar, a 1973 kuma ya zama bishop ɗinta na farko.

Komawarsa Gida da Rasuwarsa

Bronnum bai ƙare rayuwarsa a Numan ba. Bayan ya kafa harsashi, wasu ma'aikata kuma sun iso daga Danmak da kuma daga cikin mutanen Danmak mazauna Amurka, sai ya koma gida. A can ya ci gaba da yi wa ƙungiyar hidima da baki da alƙalami, yana bayyana wa mutanen ƙasarsa halin da ake ciki a bakin Binuwai, yana ƙarfafa sababbin ma'aikata, yana neman abin da za a riƙe asibiti da makarantu da shi. Allah ya ja kwanansa har ya ji labarin naɗin fastocin farko, ya kuma ji cewa ɗan Adamawa ya karɓi ragamar aikin da ya fara shi kaɗai. Ya rasu a shekarar 1966, yana da kimanin shekara 84 a duniya.

Abin da ya Bari

Ekklesiyar da ta tsiro daga wannan aiki, wadda aka fi sani da LCCN, tana da mabiya fiye da miliyan 2, hedkwatarta kuma tana Numan. An sa sunansa a makarantar horar da fastoci da ke Mbamba kusa da Yola, an kuma sa sunayen Todi da Shall Holma a dayosis biyu, don kada na baya su manta da na gaba. Asibiti da yawancin makarantun mishan sun koma hannun gwamnati a shekarun 1970, suka zama na kowa da kowa. A shekarar 2013 aka yi bikin cika shekara 100 da saukarsa. Bayan shekara huɗu, a 2017, a birnin Windhuk na ƙasar Namibiya, aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus ya zama shugaban Tarayyar Lutharan ta Duniya, ya riƙe muƙamin har 2023. Wato ekklesiyar da aka aiko wa mutum ɗaya da akwatin magani ita ce ta ba duniya shugaba.

Ita wannan tarayya ta duniya an kafa ta ne a 1947 a birnin Lund na ƙasar Suwidin, kuma da taimakon 'yan gudun hijirar Yaƙin Duniya na Biyu ta fara aiki. Wannan darasi na agaji bai tsufa ba a wurinmu. Ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da Binuwai ya tumbatsa aka kuma saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, sun cinye gonaki da gidaje a Numan da Demsa da Lamurde. A 2014 kuma rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Mubi da kewaye zuwa Yola da sauran garuruwa. A irin waɗannan ranaku, harabar majami'a da ta masallaci da ta makaranta da ƙofar fada su ne mafakar jama'a, kuma ruwa ko yunwa ba sa tambayar mutum inda yake sujada. Haka nan a fagen zaman lafiya, Bishop David Windibiziri, wanda ya gaji Akila Todi, ya kira taron fahimtar juna tsakanin Kirista da Musulmi a shekarar 1993, aikin da ya ci gaba shekaru da dama.

Kammalawa

Tarihin Likita Bronnum tarihi ne na ɓangare biyu, na baƙon da ya cika alkawari da na masu masaukin da suka yi masa karamci. Da sarakuna da dattawan wancan zamani sun rufe ƙofa, da babu abin da za mu rubuta a waɗannan shafuka. Da shi kuma ya riƙe ilminsa a hannunsa bai koya wa 'ya'yan gari ba, da aikin ya bi shi cikin jirgi ranar da ya tafi.

Wannan yanki ya ɗanɗana ɗacin rikici a shekarun baya, tsakanin mabiya addinai da kuma tsakanin manoma da makiyaya, an yi asarar rayuka da dukiya waɗanda ba su da madadi. Yanzu amana tana hannunmu. Ɗakin shan magani da rufinsa ke yoyo, da ajin da babu malami, da maƙwabcin da ya daina gaida maƙwabcinsa, babu wani baƙo daga ƙetare da zai zo ya gyara mana su. Muna kira ga masu riƙe da sarautu, da 'ya'yan gari da Allah ya ɗaukaka a aikin gwamnati da kasuwanci, da tsofaffin ɗaliban waɗannan makarantu, da malaman addinai biyu, kowa ya ɗauki nasa kason, domin waɗanda za su shirya kundin shekara 200 su sami abin alheri da za su rubuta a kanmu.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ƙara masa lafiya da basira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga ambaliya da annoba da fitina, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.